MALAM ABDULLAHIN GWANDU: MALAMIN DA YA RUBUTA MAGANIN WASWASI

Duk mutumin da ya taɓa loda shanu a Kasuwar Shanu ta Potiskum ran Laraba, ya biyo su a bayan tirela har Ikko ko Badun, ya san akwai wani kaya da ake sauka da shi a Kurmi wanda ba ya cikin lissafin dillali. Kayan nan shi ne tunani. An ba mahauta shanu bashi, masu dukiya suna can gida suna jiran kuɗinsu, iyali sun aiko a kan hatsi da kuɗin makaranta, ga shi an kwanta a rumfa barci ya ƙi zuwa. Wani in ya tashi salla da asuba sai ya maimaita alwala sau uku sau huɗu, ya yi kabbara ya warware, don zuciyarsa tana raya masa bai yi daidai ba. Wani kuwa abin da ke cinsa shi ne abokin da suka fara sana'a tare ya shige gabansa, ko kuwa an yanke wata magana babba a gidansu ba a jira shi ba. Akwai kuma waɗanda suka rasa 'yan'uwa da abokan ciniki a harin da aka kai kasuwar nan ta Potiskum cikin watan Mayu na 2012 ta Miladiyya, waɗanda har yanzu abin bai bar idonsu ba.

Irin waɗannan mutane ya kamata su san labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Jama'a sun san shi da tafsiri da jarunta a fagen fama. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne mutum ne wanda ya sha baƙin ciki iri iri, ya taɓa barin kome da kome ya shiga daji, aka taɓa rufe masa ƙofar gari, sa'an nan daga baya ya zauna ya rubuta wa talakawa ƙananan littattafai a kan yadda mutum zai yi jiyyar zuciyarsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir, cikin zuriyar Fulani Toronkawa, gidan malanta tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. A wurin mahaifinsu, Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi hannun wansa, kuma tun daga ran nan da wuya ka ga Shehu a wani wuri ba ka ga Abdullahi ba. Ya yi karatu kuma wurin kawunnansa da waɗansu manyan malamai na zamanin, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru da Alhaji Muhammadu Raji, wanda suka ji Sahihul Buhari a wurinsa. Shi da kansa ya jera sunayen malaman nan da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu a cikin wani littafi da ya kira Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta cikin 1812.

Sa'ad da Shehu ya fita yawon wa'azi ƙasar Zamfara, inda ya yi kamar shekara biyar, Abdullahi yana tare da shi. A can ne wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko da waƙa yana sukar Shehu a kan barin mata su halarci wa'azi. Shehu ya ce wa ƙanensa shi ne ya fi dacewa ya ba da amsa. Abdullahi, yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya mayar da amsa cikin waƙar Larabci mai irin ma'aunin ta Goni, yana nuna barin mata cikin jahilci shi ne laifin da ya fi girma. Daga nan aka san Shehu yana da alƙalami a kusa da shi.

SHEKARUN YAƘI

Zaman lafiya tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir ya ƙare a zamanin Sarki Yunfa. An kai wa garin Gimbana hari, garin wani almajirin Shehu mai suna Abdussalami, aka kamo mutanensa, jama'ar Degel suka tare hanya suka kwance su. Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A nan aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuwa ya fara miƙa hannu. Shi ne kuma ya ja runduna a yaƙin Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na shekarar nan, inda aka karya mayaƙan Yunfa.

Amma nasara ba ta zo ita kaɗai ba. Kafin shekarar ta fita aka gamu a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. Waɗannan su ne abokan karatun Abdullahi, mutanen da suka zauna da shi a kan buzu tun suna samari. Cikin watan Afrilu na 1805 ya ci Birnin Kebbi, aka mai da sansani Gwandu, amma kafin ƙarshen shekarar aka sake shan kashi a Alwasa, mutane masu yawa suka halaka. Ga yunwa, ga cuta a cikin sansani.

Wani abu da ya faru gab da yaƙin Alwasa ya fi mutuwar nan yi masa ciwo. Rundunarsu ta auka wa garin Kwalde, alhali mutanen garin ba abokan gaba ba ne, aka washe su. Abdullahi da Muhammadu Bello ɗan Shehu suka yi ƙoƙarin hanawa, ba a saurare su ba. Sai ya ga ashe malaman da suka fito don gyara sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ganima ta kawo su.

YA BAR RUNDUNA YA SHIGA DAJI

Cikin 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙar Alkalawa, sai Abdullahi ya sulale daga cikin runduna. Shi da kansa ya ba da labarin abin a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya tara waƙoƙinsa a ciki cikin 1813. Dalilin da ya bayar shi ne ya ga zamani ya canza, 'yan'uwa sun karkata ga duniya, suna ta husuma a kan mulki da dukiya da girma, an bar masallatai da makarantu. Abin lura a nan shi ne bai tsame kansa daga laifin ba. Ya ɗauki kansa a kan shi ne ya fi su lalacewa, abin da ya same su shi ma ya same shi. Sai ya ƙudura ya bar ƙasa da dangi ya nufi gabas, ya tafi Makka da Madina ya ƙare kwanakinsa a can.

Ya shiga daji da mutum biyar. Suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawunsa ba, sai sawun giwaye. Mai karatu ya auna wannan hali. Mutumin da ya fara yi wa Shehu mubaya'a, wazirinsa, jagoran Tabkin Kwatto, shi ne yau yake ratsa ƙungurmin daji ba ganga ba tuta, yana zargin kansa.

Tafiya ta kai shi Kano, a farkon zamanin Sarki Sulaimanu. Kanawa suka tare shi suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da shari'a. Da ya dubi halin da suke ciki sai ya gaya musu abin da ya gudo dominsa shi ne ya tarar a wurinsu. A nan idonsa ya buɗe a kan abin da duk baƙo yakan gane ko ba jima ko ba daɗe, watau mutum yana iya canza gari, amma zuciyarsa da halin mutane suna nan biye da shi. Maimakon ya ci gaba da gudu sai ya zauna ya kama aiki. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Ya faɗi cewa sun karɓi gargaɗinsa, har gangunan wasa suka mayar akussan cin abincin dawakai. Bayan haka ya juya ya koma gida. Makka kuwa Allah bai nufe shi da zuwa ba.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

Alkalawa ta faɗi cikin 1808 a hannun rundunar da Bello ya ja. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin kula da ƙasa, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu yake. A shekarun nan ne ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili. A shekarun nan ne kuma aka ga bambancin ra'ayi a rubuce tsakaninsa da wansa a kan waɗansu mas'aloli, kamar kiɗa, da tufafin ƙawa ga shugabanni, da sunayen sarauta irin na da. Abdullahi ya fi tsanani, Shehu ya fi sassauci. Kowa ya kawo hujjarsa a littafi, zumunci kuwa bai yanke ba.

Shehu ya koma Sakkwato cikin 1815, ya rasu ran 20 ga Afrilu, 1817. Labari ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau ya nufo Sakkwato. Ko da ya iso sai ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuwa riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi. Abdullahi yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya bauta wa al'amarin nan tun yana yaro, a ilmi kuwa ba wanda ke ja da shi. Bello ɗan wansa ne, kuma ya yi karatu a gabansa. Ko shawara ba a yi da shi ba.

Yana da mayaƙa, yana da rabin ƙasa a hannunsa, da ya so tada fitina da ya sami masu bin sa. Sai ya juya akalar dokinsa ya tafi Gwandu. Bai yi mubaya'a ba, bai kuma zare takobi ba. Haka aka zauna shekaru, baffa da ɗa ba sa ga maciji, jama'a kuwa suna zuba ido.

SULHU A KALAMBAINA

Rasuwar Shehu ta sa tawaye ya tashi ko'ina. Abdussalami, mutumin Gimbana wanda a kan jama'arsa rigimar ta fara tun farko, ya yi wa Bello tawaye a Kware. Aka ci Kware, ya tsere da rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Sauran mutanensa suka tattaru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka zame wa Abdullahi ƙarfen ƙafa, ya yi ta fama da su bai iya cin garin ba. Wajen shekarar 1821 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya kawo wa baffansa gudunmawa, aka haɗa ƙarfi aka ci garin.

Masu tarihi sun kawo yadda suka gamu bayan yaƙin. Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don ya gai da baffansa kamar yadda ɗa yake yi. Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. A nan kuma ya sakar wa Giɗaɗo ɗan Laima wazirci. Abin da aka shekara uku ko huɗu ana jin tsoronsa ya mutu a wurin nan. Gwandu ta ci gaba da kula da ƙasashen yamma, daga baya har Nufe da Ilori suka shiga ƙarƙashinta, Sakkwato kuwa ta zama uwa.

Bayan wannan Abdullahi ya bar yawancin aikin mulki da yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, shi ya koma ga almajirai da alƙalami.

LITTATTAFAN JIYYAR ZUCIYA

Abdullahi ya yi rubutu a kan tafsiri da fiƙihu da nahawu da sarfu da mulki. Amma akwai wani rukuni na ƙananan littattafansa, waɗanda yawancinsu a zamansa na Gwandu ya yi su, da sunayensu kaɗai sun isa su nuna abin da ya dame shi. Akwai Dawa'ul Waswasi, watau maganin waswasi da gafala a cikin salla da karatu da addu'a. Akwai Shifa'un Nasi, watau warkar da mutane daga cutar gafala da waswasi. Akwai Tahzibul Insani, a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Akwai kuma Masalihul Insani, wanda ya haɗa maslahar addini da lafiyar jiki a littafi guda. Bai manta da 'yan kasuwa ba, ya yi littafi a kan niyya a cikin ayyukan duniya da na addini, da wani a kan hukuncin saye da sayarwa don amfanin gama-garin mutane.

Littattafan nan gajeru ne, irin waɗanda almajiri zai kwafe cikin 'yan kwanaki ya sa a gafaka, malami ya karanta a zaure ya fassara da Hausa ko Fulatanci. A kalmomin da ya zaɓa akwai darasi. Ya kira waswasi cuta, ya kira abin da ya rubuta magani. Mai cuta kuwa jiyya ake yi masa, ba a yi masa dariya.

Hanyar da malaman Sakkwato suka bi a wannan fanni ta Imamu Gazali ce, wanda ya rasu cikin 1111, mai littafin Ihya'u Ulumiddini. Shehu ma a littafinsa Ulumul Mu'amala ya jera halaye masu halakarwa, kamar jiji da kai, da hassada, da fushi, da rowa, da riya, da son girma, da munana zato, ya kuma jera masu tserarwa, kamar tuba, da tawakkali, da yarda da hukuncin Allah, da kyakkyawan fata. Ga kaɗan daga yadda jiyyar take a wannan makaranta.

Da farko ana kwatanta zuciya da birni mai ganuwa da ƙofofi. Abokin gaba ba ya shiga sai ta ƙofa, kuma kowane mutum da ƙofar da ta fi rauni a wurinsa. Wani fushi, wani kwaɗayin abin hannun mutane, wani gaggawa, wani tsoron talauci. Aikin farko shi ne mutum ya san tasa, don mai gadin da bai san ƙofa ba barci yake yi.

Na biyu, an rarrabe matakan tunani. Akwai abin da ke faɗowa zuciya haka kawai, sa'an nan karkatar rai gare shi, sa'an nan zuciya ta yanke cewa a yi, sa'an nan ƙuduri. Gazali ya bayyana cewa biyun farko ba a kama mutum da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Wannan babban sauƙi ne ga wanda mugun tunani yake faɗo masa a cikin salla har yana ganin ya halaka. Zuwan tunanin ba laifinsa ba ne, kuma ƙyamar da yake yi masa ita ce shaidar lafiyar imaninsa.

Na uku, kowace cuta ana yi mata magani biyu, na ilmi da na aiki. Mai hassada, ta wajen ilmi, zai zauna ya lissafa abin da hassadar ta jawo masa, ya ga shi ne ba ya barci, wanda yake yi wa kuwa ko gezau. Ta wajen aiki sai ya tilasta wa kansa kishiyar abin da zuciya take so, in ta ce ya zagi mutumin sai ya yabe shi, in ta ce ya ƙaurace masa sai ya je ya gaishe shi. Mai fushi ana umurtarsa ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in yana zaune ya kishingiɗa, ya yi alwala da ruwa. Wanda ya san wannan ya sake duba abin da ya faru a Kalambaina, zai ga malami ne ya sha maganin da yake ba almajirai.

Na huɗu ya shafi mai shakka a ibada, kuma duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala ya gamu da shi. Mutumin da shakka takan zo masa jefi jefi, shi ne ake ce wa ya yi gini a kan abin da ya tabbata. Amma wanda shakka ta aure shi, kullum sai ta zo, hukuncinsa dabam ne. An ce ya yi watsi da ita, kada ya kawo abin da yake shakkarsa, ya yi sujada bayan sallama ya tashi. Hikimar ita ce waswasi kamar kare yake a bakin rumfar mahauci, in ka jefa masa yau gobe da sassafe zai dawo.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Mai karatu zai yi mamakin yadda wannan ya yi kusa da abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke yi. Cikin 1966 wani masani a London, Victor Meyer, ya nuna cewa masu cutar maimaita abu, kamar wanke hannu ba iyaka, suna samun sauƙi in aka sa su daure wa damuwar ba tare da sun maimaita ba, har ta lafa da kanta. A shekarun 1960 kuma Dokta Aaron Beck na Amurka ya kafa hanyar jiyya ta gyaran tunani, inda ake koya wa mai baƙin ciki ya kama tunanin da ya faɗo masa, ya rubuta shi, ya tambayi kansa hujjar da ke goyon bayansa da wadda ke karya shi. Cikin 1980 almajirinsa David Burns ya fitar da littafin Feeling Good don mutum ya karanta ya gwada da kansa a gida. Tun kafin su duka, Abu Zaidin Balhi, wanda ya rasu cikin 934, ya ba da shawara mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Falke ko ɗan tireda yana iya gwada wannan da ɗan littafin da yake rubuta bashi. In zuciya ta ce masa ya karye har abada, sai ya rubuta, sa'an nan ya rubuta a ƙarƙashi sau nawa ya taɓa faɗuwa ya tashi, nawa ne ainihin bashin, wa zai iya tunkara gobe a yi maganar biya kaɗan kaɗan. Abin da yake kamar dutse cikin dare, in an sa shi a takarda sau da yawa yakan koma girmansa na gaskiya. Ya kuma nemi amini ko malami mai hankali ya gaya masa, don Abdullahi ma bai sami kansa a cikin daji ba, sai da ya shiga mutane ya kama aiki.

Amma karatu yana da iyaka, kuma mutumin da ya haɗa addini da lafiyar jiki a littafi guda ba zai hana kowa zuwa wurin likita ba. In mutum ya yi makonni ba ya barci ba ya cin abinci, ko ya daina fita sana'a, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya fara maganar ya gaji da rai, to, abin ya wuce littafi. 'Yan'uwansa na zango su kai shi asibiti da wuri, kada su ɗaure shi, kada kuma su sa shi mota shi kaɗai su ce ya tafi gida. A Kudu akwai asibitin Yaba a Ikko, da na Aro a Abekuta, inda Dokta Adeoye Lambo ya fara cikin 1954 tsarin saukar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, akwai kuma a Binin da Inugu da Kalaba. A Arewa akwai na Kaduna da na Maiduguri, da wani a Kware, garin nan da Abdussalami ya yi tawaye. Cikin watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tsare wa marasa lafiya mutuncinsu.

RASUWARSA

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu cikin 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, ɗansa Muhammadu ya gaje shi. Hubbarensa yana nan a garin Gwandu cikin Jihar Kebbi, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Gwandu, wadda fadarta take Birnin Kebbi. An buga tafsirinsa Liya'ut Tawili a Alƙahira cikin 1961, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Littafin da ya ba da labarin shigarsa daji kuwa, a Badun aka buga shi cikin 1963, Jami'ar Ibadan ta fitar da shi tare da fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett. Ƙananan littattafansa suna nan a hannun malaman zaure da wuraren ajiye rubuce-rubucen da a Sakkwato da Kaduna da Kano da Zariya.

Wanda ya sami malami a Sabo ko Agege ko Idi Araba, ya tambaye shi ko yana da ɗaya daga cikinsu, a karanta masa ko da shafi guda bayan sallar isha'i. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowane matafiyi gida lafiya.